Abin da Hannu Ke Ɗaukowa Daga Kasuwa

A hutun da ya wuce na sauka wurin wani kawuna a Abuja, a unguwar Gudu, kusa da Apo. Yana da 'yar rumfa a kasuwar Gudu inda ya ke sayar da kayan lantarki, watau waya, da ƙwan fitila, da makunni, da sauran irinsu. Kullum da safe sai in bi shi in taya shi tsaron rumfa. Da ya ke ba ko yaushe a ke ciniki ba, sai na sami zarafin zama ina kallon mutane. Abin da na fi zuba wa ido kuwa shi ne hannuwansu.

Ran nan na sa ido a kan wata takardar naira 200. Wani makanike ya zo da ita, hannunsa duk baƙin mai, ya sayi ƙwan fitila. Kawu ya karɓa, ya lashi yatsa ya ƙirga ta tare da 'yan'uwanta. Ba a jima ba ya ba da ita canji ga wata mata mai goyo, ita kuwa ta ƙulle ta a bakin zane. Da ta yi 'yan taku kaɗan sai ta kwance ta miƙa wa mai ƙosai. Mai ƙosai ta karɓa, ta jefa cikin gwangwani, sa'an nan da wannan hannu ɗin ta ɗebo ƙosai ta zuba a takarda. Matar ta gutsura ta sa wa ɗanta a baki. Duka wannan bai kai rabin sa'a ba. Sai na tambayi kaina, shin mene ne ya bi takardar nan tun daga hannun makanike har bakin yaron nan? Amsar wannan tambaya ita ce na ke so mu duba tare, 'yan'uwana ɗalibai, domin gobe mu ne za mu tsaya gaban yara mu koya musu kiwon lafiya.

Da fari dai sai mu san abin da mu ke magana a kansa. Ƙwayoyin cuta halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani mutumin ƙasar Holan, mai sayar da tufafi, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a wajen 1676 da madubin da ya wasa da hannunsa. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya ga halittu suna motsi a ciki. Amma sai da aka yi kusan shekara 200 kafin Louis Pasteur na Faransa da Robert Koch na Jamus suka tabbatar cewa waɗansu daga cikin halittun nan su ke kawo cuta. Koch ne ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882.

Iri biyu ne suka fi damunmu a nan. Akwai bakteriya, waɗanda in an jera kamar 1,000 daga cikinsu ba za su wuce tsawon milimita 1 ko 2 ba. Su ne ke kawo kwalara, da zazzaɓin taifot, da wani irin atuni. Akwai kuma bairos, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Su ne ke kawo mura, da korona, da yawancin gudawar jarirai, da ciwon idon nan da mu ke kira afolo. Kada kuwa a ɗauka ko wace ƙwaya mugunya ce. Mafi yawansu ba su cutar da kowa, har ma waɗansu su ke juya madara ta zama nono. Kaɗan ne miyagu, amma kaɗan ɗin sun isa.

Ga wani lissafi da za ku iya ba 'yan aji 6. Akwai bakteriyar da ke rabewa biyu cikin minti 20 in ta sami ɗumi da laima da abinci. Watau bayan sa'a 1 guda ɗaya ta zama 8, bayan sa'a 2 ta zama 64, bayan sa'a 3 ta zama 512. In aka kai sa'a 7 sun wuce miliyan 2. A kan ƙarfe busasshe ba su samun wannan dama, sai dai su kwanta suna jira, waɗansu su mutu. Amma in hannu ya ɗauke su ya kai cikin dafaffiyar shinkafa, ko alala, ko kunun da aka ajiye tun safe cikin zafin rana, to, sun sami gida. Bairos kuwa ba ya hayayyafa sai cikin jikin mai rai, amma ya iya jira. A watan Maris na 2020 masu bincike a Amurka suka gwada ƙwayar korona a ɗakin gwaji, suka ga tana iya kai kwana 3 da rai a kan roba da ƙarfe, kwana 1 a kan kwali, amma a kan tagulla sa'a 4 kaɗai.

To, ina su ke jira a kasuwa? Duk inda hannu da yawa ke sauka. Na farko kuɗi. A 2010 aka buga wani bincike da aka yi a kan takardun kuɗi 1,280 da aka tattaro daga wuraren sayar da abinci a ƙasashe 10, har da Nijeriya da Burkina Faso. Aka tarar takardun da aka yi da auduga sun fi na leda riƙe ƙwayoyi, kuma tsohuwar takarda ta fi sabuwa. A wurinmu ƙananan kuɗi ne na leda, naira 20 tun 2007, sa'an nan naira 5 da 10 da 50 tun 2009. Daga naira 100 zuwa sama duka na auduga ne, su ne kuwa suka fi yawo a kasuwa yanzu.

Na biyu, madannan na'urar POS da ta ATM. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa suka koma biya da kati. Wani zai ce ai ke nan an huta da dattin kuɗi. Amma ku tuna yatsa nawa ke danna maɓallan nan goma tun safe har magariba, ba a ko goge su. Na uku, mudu, da sikeli, da wuƙar mahauci da katakon da ya ke sara a kai, da hannun ƙofa, da ƙarfen da a ke riƙewa a mota, da kan famfon bayan gida. Na huɗu, ledar ruwan sha. Ruwan ciki yana iya zama mai kyau, amma bayan ledar ya bi hannun mai lodi, da ƙasan mota, da ruwan ƙanƙarar da kowa ke tsoma hannu, mu kuwa sai mu sa haƙori mu huda ta. Na biyar, hatsi da gari da a ke bari a buɗe da dare. Ɓera in ya bi ta kai ya bar fitsari da kashi, ta nan zazzaɓin Lassa ke shiga mutane. An fara gane cutar nan a 1969 a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu.

Kada mu ce manyan kantuna masu sanyi da walƙiya sun tsira. A irin waɗannan kantuna, da akwai su da yawa a Abuja, a kan tura wani keke na ƙarfe a zuba kaya a ciki, uwa ma ta kan zaunar da ɗanta a kai. Wani malamin jami'ar Arizona ta Amurka, Charles Gerba, ya sa aka gwada irin kekunan nan guda 85, aka sami alamar ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida a kan 72 cikin 100. Shi ya sa kantuna da yawa a can su kan ajiye tsumman goge hannun keke a bakin ƙofa. Ashe ƙyalli dabam, tsabta dabam.

Sai dai a nan akwai abin lura. Ƙwayar da ke kan takardar kuɗi ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, fatar hannu mai lafiya kuma ba ta barinta ta shige. Dole sai an kai ta ƙofa, ƙofofin kuwa su ne baki, da hanci, da ido, da miki. Mai kai ta kuwa hannunmu ne. A 2015 aka ɗauki hoton ɗaliban likita 26 a wata jami'a a birnin Sidni na Ostareliya suna cikin aji, aka ƙirga, aka ga ko wannensu ya kan taɓa fuskarsa wajen sau 23 cikin sa'a 1, kusan rabin taɓawar kuwa a baki ne ko hanci ko ido. In masu koyon likita haka su ke, ina ga ni da kai? Watau tafiyar cuta zango uku ce: daga mai ita zuwa kan kaya, daga kan kaya zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Ba mai iya wanke kasuwa duka ko wace sa'a. Amma zango na uku yana hannun ko wane mutum.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. A 1847, a wani asibitin haihuwa na birnin Biyana, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozoma. Ya ga likitocin su kan fito daga wurin fiɗar gawa su wuce kai tsaye wurin mata. Sai ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 suka mutu, amma bayan an fara wankin hannu abin ya sauko wajen 2 cikin 100. Duk da haka abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda, suna ganin an ci mutuncinsu da aka ce hannunsu na da datti. Har yau wannan hali bai bar 'yan Adam ba. Ka ce wa mai tuwo ta wanke hannu, sai ta ce ka kira ta ƙazama.

Mu a ƙasarmu an sha yin ƙoƙari. Tsofaffi suna ba da labarin duba-gari na zamanin Turawa da na En'e, wanda ya kan shiga gida ya leƙa randa, ya shiga kasuwa ya duba nama, in ya ga abin da bai gamshe shi ba a kai mutum gaban alƙali. A 1984 gwamnatin soja ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, daga cikinsa aka sami sharar gari ta ranar Asabar ta ƙarshen wata. Sa'an nan ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko da cutar Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita asibiti, ita ma ta kamu ta rasu, amma tsayuwarta ta tsare mutane masu yawa. A watannin nan ba bankin da za ka shiga, ko makaranta, ko ofis, ba ka ga bokiti da sabulu a ƙofa ba. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Ba a daɗe ba bokitan suka koma wankin mota da ɗiban ruwa.

Sai ga korona. An sami mutum na farko a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, ran 30 ga Maris kuma aka kulle Abuja da Ikko. Kasuwanni sai a waɗansu ranaku a ke buɗe su, na 'yan sa'o'i, domin sayen abinci. Mutanen Gudu ba za su manta da ran 18 ga Afrilu ba, ranar da aka binne Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu bayan cutar ta yi ajalinsa. A ranar aka ga hoton wani daga cikin masu aikin binnewa ya tuɓe rigar kariyarsa ya yar a gefen hanya, hankalin jama'a ya tashi, har ma'aikatan lafiya suka zo suka kwashe suka yi feshi. Da aka sassauta kulle ran 4 ga Mayu, sai da takunkumi da wankin hannu a ke shiga kasuwa. A lokacin ne irin bokitin nan mai famfo a gindi da kwano a ƙarƙashi ya cika gari. Wata ma'aikaciyar kimiyya ta ƙasar Gana, Veronica Bekoe, ita ta ƙago shi, har a ke kiransa da sunanta.

Gaskiya kuwa sai a faɗe ta. Daga baya masana suka gane korona ta fi bin iska, watau numfashi da tari a wurin da ke cunkushe. A watan Afrilu na 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kamuwa da ita ta taɓa kaya abu ne mai wuya, bai kai sau 1 cikin 10,000 ba. Da mutane suka ji haka, tsoro kuma ya kwanta, sai aka sake ɗauke bokiti. Nan ne aka yi kuskure, domin cututtukan ciki ba su bin iska. Ruwa su ke bi, da abinci, da ƙuda, da hannu. A cikin 2021 ɗin nan kwalara ta ɓarke, aka ƙirga mutum fiye da 111,000 da a ke zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 suka mutu, Abuja ma ba ta tsira ba. Wannan ya fi yawan waɗanda aka rubuta korona ta kashe a ƙasar nan tun farkonta. Ga kuma gudawar yara, wadda ba ta jiran shekarar annoba, kullum tana nan tana ɗauke 'yan ƙasa da shekara 5. Bincike da yawa sun nuna wankin hannu da sabulu yana rage gudawa da wajen kashi 1 cikin 3. Mu dai mun saba ba mu neman sabulu sai baƙuwar cuta ta zo, alhali 'yar gida ta fi ta ɓarna.

Me ya sa lalle sai da sabulu? Domin fatar hannu tana da maiƙo, ƙwayoyi kuwa a cikinsa su ke maƙalewa, ruwa zalla sai ya bi ta kai ya wuce. Ko wane ɗan ƙwayar sabulu yana da kai biyu, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa. In an cuɗa sai ya ɓamɓaro maiƙon da abin da ke ciki, ruwa ya tafi da su. Amma yana bukatar lokaci, a ƙalla daƙiƙa 20, a bi tafi da baya, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce. Ruwan kuma ya zama mai zuba, daga famfo ko buta. Kwanon nan guda da a ke ajiyewa a wurin mai abinci, kowa ya zo ya tsoma, na farko ne kaɗai ya wanke hannu, sauran rabon datti suka yi. Man goge hannu na kwalba yana da amfani in sinadarin alkohol da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100, amma ba ya aiki sosai a hannu mai maiƙo ko ƙasa, irin na makanike. In sabulu ya faskara, toka mai tsabta ta fi babu.

To, me ya kamata a yi? Mai saye ya riƙe abu huɗu. Kada ya lashi yatsa wajen ƙirga kuɗi, kada kuma ya riƙe kuɗi a baki. Kada ya ci kome a kasuwa sai ya wanke hannu. Ya ɗauraye bayan ledar ruwa kafin ya kai baki. In ya koma gida ya fara da buta da sabulu tun bai ɗauki yaro ba, ya wanke tumatir da latas da 'ya'yan itace da ruwa mai kyau. Mai sayar da abinci kuma ya raba aiki: cokali ko matsamaki na abinci, hannu na kuɗi, in kuwa da yaro mai taimako, ɗaya ya karɓi kuɗi ɗaya ya zuba. Ya bar hura leda da baki domin ta buɗe. Ya rufe abinci sabo da ƙuda, ya rufe hatsi sabo da ɓera. Mai POS ya riƙa goge maɓallai. Shugabannin kasuwa kuwa babban aikinsu shi ne ruwa da sabulu su zauna dindindin a bakin bayan gida da layin masu abinci, a kuma sa wanda zai riƙa cikawa, domin bokiti marar ruwa ado ne kawai. In ko wace rumfa ta ba da ɗan abin da bai kai kuɗin ƙosai ba a mako, ya isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura namu, mu malaman gobe. Lokacin da na je koyon koyarwa na gwada wata dabara, na ga ta ci. Na yanka takarda daidai girman kuɗi, na shafe ta da garin alli mai launi, na ce yara su yi wasan kasuwa da ita, wannan ya saya wancan ya ba da canji. Ban gaya musu dalili ba. Bayan an ɗan jima na ce kowa ya dubi hannunsa, ya dubi fuskar maƙwabcinsa. Sai dariya ta kaure, ga alli a hanci, ga shi a leɓe, ga shi a gefen ido. Na ce musu, to, da ƙwayoyin cuta suna da launi, haka za mu riƙa ganin junanmu ran kasuwa. Daga nan muka fita waje muka huda galan, muka rataye shi a reshe da igiya da ɗan itacen takawa, muka ɗaura sabulu kusa. Kashegari wata yarinya ta ce mini ta hana kakarta ba ƙaninta fura sai da ta wanke hannu, har kakar ta ce wane malami ne wannan mai shiga tsakanin jika da kaka.

Ko wace shekara ran 15 ga Oktoba a kan yi ranar wankin hannu ta duniya, tun 2008. Yana da kyau mu yi ta a makarantunmu, amma kada mu bar sabulu ya zama baƙon shekara shekara. Yaran da za mu koyar su ne a ke aika kasuwa, su ne ke talla bayan an tashi, su ne kuma za su gaji rumfunan iyayensu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kafin in bar Gudu na saya wa kawu buta da sabulu na ajiye a bakin rumfa, na kuma sa masa ɗan soso mai laima a murfin gwangwani domin ƙirga kuɗi. Ya yi mini dariya, ya ce 'yan makaranta ba su rasa fi'ili. Amma da na yi sallama na waiwaya, na ga ya dangwala yatsa a soson. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.